Aikin injiniya da bincike a fannin yarukan gina manhaja: ta ina ake kamawa?

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Injiniyan da ya saba rubuta manhajar yau da kullum, idan yana son komawa fannin yarukan gina manhaja, wane aiki ne ainihi ake yi a can? Sai ya ƙirƙiro sabon yare? Kuma dole ne sai da digiri na uku?

Mai_Kwamfaila ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙirƙirar sabon yare shi ne mafi ƙarancin abin da ake biyan mutum ya yi. Yawancin aikin yana cikin kwamfaila (manhajar da ke fassara kod zuwa umarnin inji), da mai duba nau'in bayanai (ko lamba ce, ko rubutu, da sauransu), da mai kwashe sharar ma'adana (mai sako gurbin ma'adanar kwamfuta da shiri ya daina amfani da shi), da kayan da ke nuna wa mai rubuta kod kuskurensa tun bai gudanar ba. Don haka fara da gina ƙaramin yare, ba don wani ya yi amfani da shi ba, sai don hannunka ya taɓa kowane sashe.

Ka taƙaita shi: lambobi, gaskiya da ƙarya, sharaɗi, fankshin. Da farko rubuta mai yanka rubutu zuwa kalmomi, kuma kowace kalma ta riƙe lambar layi da gurbinta. Wanda ya bar wannan sai daga baya zai sha wuya, domin saƙon kuskure ba zai iya nuna inda matsalar take ba. Sai mai tantance nahawu, wanda zai fitar da bishiya, wato tsarin kod ɗin reshe-reshe. A nan mutane suka fi tuntuɓe. Idan ka rubuta dokar ragi tana fara kiran kanta daga hagu, shirin zai yi ta kiran kansa har ma'adana ta cika. Idan kuma ka juya ta dama don ka tsira, 8 - 3 - 2 zai ba ka 7 maimakon 3, saboda ya fara lissafa 3 - 2. Maganin shi ne madauki mai tara sakamako daga hagu, ko hanyar da Vaughan Pratt ya fitar a 1973, inda kowace alama take da lambar ƙarfinta.

Bayan nan rubuta tafinta, wato shirin da ke bin bishiyar yana gudanar da kod ɗin kai tsaye. Ka lura da fankshin da aka haifa a cikin wani: dole ya tafi da muhallin da aka rubuta shi, ba na wanda ya kira shi ba. In ka yi akasin haka, ƙananan gwaje-gwaje za su wuce lafiya, sai ranar da sunaye biyu suka zo ɗaya ka ga amsa ta canja ba dalili.

Kada ka yi gaggawar fitar da umarnin inji da kanka. Miƙa wa LLVM, tarin kayan gina kwamfaila, wanda Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a 2000, kuma Clang da Swift da Rust duk a kansa suke. Ma'ajiyoyinka, wato sunayen da ke riƙe ƙima, ka ɗora su a ma'adana, ka bar mem2reg, wani mataki na LLVM, ya mayar da su tsarin SSA, inda ake zuba wa kowane suna ƙima sau ɗaya tak.

Hujja_Tukuna ta rubuta:

Malam ya gama da ɓangaren gini, bari in taɓa na bincike. A fannin nau'in bayanai, ba a karɓar "na gwada, ya yi aiki". Abu biyu ake tabbatarwa da hujjar lissafi: shirin da ya tsallake dubawa ko ya gama ko yana da matakin gaba, kuma in ya ɗauki matakin nau'insa bai canja ba. Wright da Felleisen ne suka yaɗa wannan salon hujja a 1994.

Gwaji mai kyau shi ne ka saka wa ƙaramin yarenka tsarin Hindley da Milner, mai gano nau'i ba tare da an rubuta ba. Wurare biyu yake cizo. Na farko, wajen daidaita nau'i biyu, sai ka duba ko nau'in da ba a gano ba tukuna yana cikin abin da za a daidaita shi da shi. In ba ka duba ba, fankshin mai kiran x da x zai haifar da nau'i marar iyaka. Na biyu ya fi ɓoyuwa: ranar da ka ƙara ma'ajin da ake iya sauya abin cikinsa, mutum zai iya zuba lamba ya ɗebo ta a matsayin rubutu, mai dubawa bai ce uffan ba. Shi ya sa yaren Standard ML na 1997 ya taƙaita irin abin da ake bari ya ɗauki nau'i da yawa.

Manyan tarukan fannin su ne POPL da PLDI da ICFP da OOPSLA, a ƙarƙashin ACM SIGPLAN. Kuma binciken yana shiga kasuwa, sai dai a hankali: aikin bincike na GJ na 1998 ne ya zama nau'in gama-gari (kod ɗaya mai aiki da nau'i daban-daban) na Java 5 a 2004, Go kuwa da aka sanar a 2009 bai samu nasa ba sai 2022.

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Na gode, Malama. To wanda lissafinsa bai yi zurfi ba fa, ƙofar bincike a rufe take gare shi?

Mai_Farautar_Kuskure ya rubuta:

Ba a rufe take ba, ɗan'uwa, akwai binciken da gwaji ne ƙashin bayansa. Dubi Csmith na rukunin John Regehr a Jami'ar Utah, wanda aka gabatar a PLDI ta 2011. Yana ƙirƙirar shirye-shiryen C barkatai, a ba kwamfaila daban-daban, a kwatanta amsa. In ta saɓa, wani ya yi kuskure. Sun kai rahoton kurakurai sama da 325, har a manyan kwamfaila irin GCC da LLVM. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa shirin bai taka abin da ƙa'idar C ta bari a buɗe ba, kamar ambaliyar lamba mai alama ko karanta ma'ajin da ba a zuba masa komai ba. In ya taka, kowace amsa halal ce ga kwamfaila, rahotonka ya tashi a banza. Abin lura, a CompCert, kwamfailar C ta Xavier Leroy wadda aka tabbatar da ingancinta da hujjar lissafi ta hanyar manhajar Coq, ba su kama kuskure a tsakiyar da hujja ta rufe ba, sai a gefen da ba ta kai ba.

Batun digiri: koyarwa a jami'a ko jagorantar bincike yana bukatar na uku, amma aikin kwamfaila a kamfani ya fi duba gyaran da aka karɓa daga hannunka a buɗaɗɗiyar manhaja. Ka ɗauko rahoton kuskure daga rumbun LLVM ko Rust, ka rage shirin da ya jawo shi da C-Reduce ko da hannu har ya koma 'yan layuka, ka bi tarihin sauye-sauye da umarnin git bisect ka gano sauyin da ya kawo kuskuren. Sannan ka tura gyaran tare da gwajin da ke faɗuwa kafin gyara, ya wuce bayansa.