Kalmar sirri ɗaya nake sa wa ko'ina, shin manhajar adana kalmomin sirri abin yarda ce?

Uwar_Biyu:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Kalmar sirri ɗaya ce a Gmail ɗina da Facebook da Instagram ɗin da nake tallan atamfa, sai dai in canza lambar ƙarshe. An ce mini haɗari ne, in koma amfani da manhajar da ke adana kalmomin sirri. To in ita manhajar aka yi wa kutse fa, ba an kwashe komai lokaci guda ba? In kuma aka sace wayar, ta ina zan shiga? Wayata Android ce, kuma ba na son abin da zan riƙa biya duk wata.

Malam_Tsaro:

Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda ya ce miki haɗari ne ya faɗi gaskiya. Masu kutse ba zama suke suna cankar kalmarki ba. Wani shafi da kika taɓa yin rajista a kansa ake fasawa, a kwashe jerin imel da kalmomin sirrin mutane, sannan a sa kwamfuta ta riƙa gwada su a Gmail da Facebook da sauran wurare. An fasa LinkedIn a 2012, a 2016 aka ga bayanan asusu sama da miliyan 100 ana sayarwa. Yahoo kuwa ta tabbatar cewa kutsen 2013 ya shafi asusu biliyan 3. Canza lambar ƙarshe ba ya hana komai, don manhajojin fasa kalmar sirri da kansu suke ƙara 1, 2, 123 ko shekarar haihuwa a bayan kalma. Ki sa imel ɗinki a shafin Have I Been Pwned, kyauta ne, zai nuna miki ko ya fito a wani kutsen da aka sani.

Batun kutse a ita manhajar, tambaya ce mai kyau, kuma ya taɓa faruwa. A 2022 an shiga LastPass, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, aka kwafe rumbunan kalmomin sirrin mutane. Amma a kulle aka kwafe su. Irin waɗannan manhajoji a cikin wayarki suke kulle bayanan da babbar kalmar sirrinki, wato wadda kike buɗe manhajar da ita, kafin su tura wa kamfani, kamfanin ma bai san kalmar ba. Ɓarawon da ya samu rumbun sai ya yi ta gwaji a kwamfutarsa, ba mai tsayar da shi. Mai gajeriyar babbar kalma shi ne ke cikin haɗari. Mai doguwa wadda ba a taɓa sa ta a wani wuri ba ya fi ƙarfinsu. Saboda haka nauyin duka yana kan kalma ɗayan nan.

Ga yadda za ki haɗa ta. Ki ɗauki ƙamus ko wani littafi mai kauri, ki buɗe shafuka shida daban-daban ba tare da zaɓe ba, ki ɗora yatsa, ki ɗauki kalmar da ya faɗa a kai. Za ki samu abu kamar tukunya-girgije-takalmi-zomo-allura-kasuwa. Kada ki ɗauki wannan, tunda ya riga ya fito a zaure. Kada ya zama karin magana, ko aya, ko baitin waƙa, ko sunayen 'ya'ya, don duk abin da ke rubuce a intanet ana iya zuba shi cikin jerin gwaji. Ki kuma kauce wa kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ: ranar da kika ari wayar da allon rubutunta ba shi da su, kin kulle kanki a waje.

Ni shawarata Bitwarden. Na kyautar bai ƙayyade yawan kalmomi ko yawan na'urori ba. Bayan kin sauke ta daga Play Store, ki shiga saitin waya ki rubuta autofill (saitin da ke ba manhaja damar cike miki kalmar sirri da kanta) a wurin bincike, don wurin da yake a Tecno daban ne da na Samsung, sai ki zaɓi Bitwarden. Kada ki ce za ki canza komai rana ɗaya, gajiya za ki yi ki watsar. Fara da Gmail, domin duk asusun da aka manta kalmarsa can ake turo hanyar sabuntawa, wanda ya riƙe imel ɗinki ya riƙe sauran. Sai Facebook da Instagram. Ragowar ki canza kowanne ranar da kika shige shi, ki bar manhajar ta ƙirƙiro mai harafi 16 zuwa 20.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Manhajar tana duba adireshin shafi kafin ta cike kalma. In aka turo miki mahaɗi wai za a rufe shafinki na Facebook, kika buɗe, kika ga ta ƙi kawo kalmar, to shafin bogi ne. Kada ki kwafo ki liƙa da hannu.

Mai_Gyaran_Waya:

Malam ya yi bayani, amma tambayarki ta biyu ita ce ta fi cin mutane a nan, ba kutsen LastPass ba. In aka fizge waya, abin da ɓarawo ke fara cirewa layi ne. Ya sa shi a ƙaramar waya, duk saƙon lambar tabbaci na banki da na Gmail da na WhatsApp hannunsa zai faɗa, kuma da layin ake taɓa asusun banki ta lambobin USSD, irin waɗanda ake dannawa da * da #. Makullin fuskar waya ba ya kare layin da aka cire.

Don haka ki sa wa layin PIN tun yau, a saitin tsaro na waya. Kafin ki fara, nemo katin da aka ɓalle layin daga jikinsa, akwai PUK mai lamba 8 a kai. Kuskuren PIN sau 3 layi ya kulle sai da PUK, kuskuren PUK sau 10 layi ya mutu sai an je ofis an sake wani. In ba ki san PIN na asali ba kada ki yi ta canka, kira kamfanin layin. A WhatsApp ki kunna tabbaci mai mataki biyu, lamba 6 ce ke da kanki za ki zaɓa, ki haɗa da imel. Lambar da WhatsApp ke turowa ta saƙo kuwa ba a karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce taron ƙungiyarku zai sa ki.

Sannan takarda. Bitwarden ba za ta iya dawo miki da babbar kalmar ba in kin manta, ba su da ita. Ki rubuta a takarda: imel ɗin da kika yi rajista da shi, babbar kalmar, kalmar Gmail, lambar ceto da Bitwarden ke bayarwa in kin kunna mataki na biyu (ƙarin tabbacin da ake nema bayan kalmar sirri), da lambobin ajiya guda 10 da Google ke bayarwa, kowacce sau ɗaya take aiki. Ki ajiye inda kike ajiye takardun fili ko na makaranta, ba a bayan rigar waya ba, kuma kada ki ɗauki hotonta. Dalilin sa kalmar Gmail a takarda: in kika shiga Bitwarden a sabuwar waya tana iya turo lamba zuwa imel, alhali kalmar imel ɗin tana cikin Bitwarden. Kin ga kowanne na jiran ɗan'uwansa.

In kuma a shago ko kafe aka buɗe miki Gmail ɗin, ki duba lambar waya da imel na ceto da ke ciki. Sau da yawa na yaron shagon ne, ko wani tsohon layi da aka daina amfani da shi, kamfani kuma yana sake sayar da layin da ya daɗe a yashe.

Uwar_Biyu:

Allah ya saka da alheri. To wanda ke cikin Chrome yana tambayata in adana, shi ba ya wadatarwa? Kuma sai na riƙa canza su duk bayan wata uku kamar yadda ake cewa?

Yar_Kwamfuta:

Yaya, na Chrome ɗin, wato na Google, shi ma yana aiki, kuma ga wanda ba ya son ƙarin manhaja ya fi maimaita kalma ɗaya nesa ba kusa ba. Yana ƙirƙiro kalma, yana kuma faɗa miki waɗanda kika maimaita da waɗanda suka fito a kutse. Rauninsa biyu ne: duk wanda ya san makullin fuskar wayarki zai iya buɗe kalmomin ya karanta, kuma in asusun Google ya kuɓuce miki, sun tafi tare. A gidan da yara da ƙanne ke ɗaukar waya kowa ya san zanen buɗewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In shi za ki riƙe, ki cire zane ki sa lamba 6 ko fiye, wadda ba ranar haihuwa ba ce. A Bitwarden kuma ki saita ta kulle kanta da zarar an rufe fuskar waya.

In za ki kwashe na Chrome zuwa Bitwarden, fayil ɗin CSV da zai fito ɗauke da kalmomin a buɗe yake, kowa na iya karantawa. Da kin gama shigarwa ki goge shi, ki leƙa kwandon shara ki sake gogewa.

Canzawa duk wata uku tsohuwar shawara ce. Hukumar NIST ta Amurka mai tsara ƙa'idojin fasaha ta janye ta tun 2017, saboda in aka tilasta wa mutane sai su riƙa ƙara lamba ɗaya a ƙarshe, irin abin da kike yi yanzu. Ana canzawa ne in an fasa shafin, ko kin shiga a kwamfutar kafe, ko kin taɓa ba wani, kamar yarinyar da ke taya ki amsa saƙon masu saye in ta bar aiki.

Inda na ɗan bambanta da masu cewa a zuba komai a manhaja shi ne lambobin kuɗi. PIN ɗin katin ATM da na tura kuɗi lamba 4 ne kawai, ki haddace su, kowanne daban, kada ya zama ƙarshen lambar wayarki ko shekarar haihuwa, don su ake fara gwadawa. Mataki na biyu na Gmail kuma ki mayar da shi kan Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambar tabbaci a cikin wayarki, maimakon saƙon waya. Lambar tana sauyawa duk daƙiƙa 30 kuma ba ta buƙatar data ko layi. Abin lura ɗaya: in agogon wayarki ya kauce, lambobin za su riƙa faɗuwa, sai ki mayar da saitin lokaci ya riƙa daidaita kansa.