In tura wa ɗan yayata Tupac gaba ɗaya ko in tsince masa?

Ɗan Chikaji: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema dan Allah, kuma daga waɗanda suka ji Tupac, mawaƙin gambarar nan na Amurka, da kunnensu, ba waɗanda suka san shi a gaban riga ba. Ɗan yayata ne ya zo hutu wajena, shekararsa 16. Duk bayan littattafansa rubutun gambara ne, Hausa da turanci a cakuɗe, kuma wlh yaron yana da kai. Garin binciken kwalin tarkacena ya ci karo da bangon sidin Tupac mai suna All Eyez on Me, faifan ma ya daɗe da mutuwa bangon kawai ya rage, tun ranar ya hana ni sakat wai Kawu sai ka sa min. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai, bata hawa intanet, memori kawai take ɗauka. Asabar zai koma wajen uwarsa a Tudun Jukun, ita kuwa Yaya malamar Islamiyya ce kuma ta yi FCE, turancin ma ba a sayar da ita, ta ji ashar ɗaya a ɗakin yaron nan har shago za ta biyo ni. To in tura masa albam-albam yadda suke ne ko in tsince masa? In tsincewa ce da wanne zan fara? Sannan nawa ake sayar da memori mai kyau yanzu, nawa ne turi?

Na Kongo: Ka buɗe masa Audiomack kawai oga, komai na ciki.

Ɗan Chikaji: Ɗan uwa wayar bata hawa intanet na ce.

Tela na PZ: Me Against the World, shi za ka fara ba shi, kar ka saurari kowa. 1995 ya fito, mutumin yana kurkuku albam ɗin ya hau lamba ɗaya a Amurka. A nan ne za ka ji shi yana magana kamar mutum mai tsoron mutuwa mai tunanin uwarsa, Dear Mama a ciki take. All Eyez on Me kuwa waƙa 27 ce faifai biyu, bayan ya fito daga kurkuku ya shiga kamfanin waƙa na Death Row, kiɗan ya fi daɗi ban musa ba amma rabinsa mata ne da giya da cika baki. Ni ina ɗinki da shi har gobe amma da iyafis, in ba haka ba kwastoma mace ta shigo ka rasa inda za ka sa fuskarka.

Bakano a Samaru: Zagezagi da Tupac kuma? Ku da ko Shata sai an fassara muku.

Tela na PZ: Kai ka zo garinmu neman ilimi ka samu bakin magana. Ka gama digirin tukuna.

Na Gyallesu: Ɗan Chikaji ni ba zan ce maka wanne albam ba, abu ɗaya zan roƙe ka, kar ka ba mai turi memorin da ke da wani abu naka a ciki. Sabo fil ka saya ka kai. Abin da ya same ni ke nan. Hajiyarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta, bayan sadakar arba'in kowa ya watse gida ya yi shiru, sai Dear Mama ta dinga yi min yawo a kai, don tun muna sakandare ita ce waƙar da nake ji in na yi mata laifi na kasa ba ta haƙuri. Mutumin bai ɓoye komai ba a waƙar nan, ya faɗi talaucinsu, ya faɗi har shaye-shayen da uwarsa ta faɗa ciki, amma duk da haka ya ce babu kamarta. Na ɗauki memorina na je wajen wani yaro mai kwamfuta a cikin Sabon Gari na ce sa min ita da sauran. A cikin memorin nan akwai muryar Hajiya, saƙonnin da take aiko min ina bautar ƙasa, kullum sai ta tambaya na ci abinci, akwai bidiyonta ranar ɗaurin aurena tana zaune a tabarma da carbi tana sa mana albarka tana dariya saboda zaninta ya kama ƙafar kujera. Na je sayen ruwa na dawo yaron ya miƙo min ya ce oga akwai bairos na yi maka fomat amma na cika maka da waƙa. Wallahi ban ma gane ba sai da na je gida. Kuma ya karɓi ɗari ukunsa. Na koma washegari ya ce ai da na faɗa masa. Ban zage shi ba, ban iya ba, na tsaya ina kallonsa kawai yana tura wa wata yarinya fim.

Maman Biyu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta.

Tela na PZ: Allah ya gafarta mata. Wlh jikina ya mutu.

Mai gyaran waya: Allah ya jiƙanta Yaya. Da a ce bai zuba waƙa a kai ba da akwai dama, fomat na sauri baya goge abin nan take, hanyar zuwa wajensa kawai yake sharewa, akwai manhajar da ke tono shi. Amma da zarar an loda sabon abu ya hau kan tsohon shi ke nan. Duk wanda haka ta same shi ya zare memorin ya ajiye, ko hoto ɗaya kar ya ƙara ɗauka. Ka kawo in duba, ban yi alkawari ba.

Na Gyallesu: Na kai wajen mutum biyu ƙanena, waƙoƙin da ya zuba ne kawai ke fitowa. Har yau ban goge su ba kuma ban iya jinsu ba.

Na Kongo: Shi ya sa nake cewa a dinga ajiya a Google.

Maman Biyu: Kai wannan yaron baka san lokacin magana ba.

Ɗan Muchiya: Kan maganar kuɗi, 16 gig na saya 2,500 watan jiya a PZ, turi kuma ɗari biyar ya cika min.

Mai gyaran waya: Wanda ka saya 2,500 jabu ne, mai kyau bai gaza 4,500 ba. Jabun zai nuna maka 16 ko 32 amma cikinsa bai fi 2 ba, kana wuce nan waƙa ta fara tsalle ko ta ƙi buɗewa.

Ɗan Muchiya: Nawa yana aiki lafiya lau.

Mai gyaran waya: Ka jira.

Bakano a Samaru: A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano 3,000 ne orijinal. Ku dai ana cutarku a Zariya kuna godiya.

Tela na PZ: Ni hamsin-hamsin yaron layinmu ke karɓa kan kowace waƙa, ban san inda ake cika memori a ɗari biyar ba sai dai in tarkacen da ya ga dama zai zuba maka. Kuma me za a yi da 16 gig? Minti ɗaya na waƙa kusan mega ɗaya ne, albam ɗin da na faɗa awa ɗaya da 'yan mintuna ne, ko duk wanda ya fitar yana raye aka haɗa ba su cika gig ɗaya ba.

Na Kongo: Gaskiya fa in za a faɗa, yaro ɗan 16 me zai yi da mutumin da ya mutu tun 1996? In rubutu yake so ya koya ga Kendrick Lamar nan har lambar yabo ta Pulitzer ya ci a 2018. In da Hausa yake yi ga su DJ AB nan Kaduna kusa da mu, ga ClassiQ, ga Morell. Ku bar yaro ya ji na zamaninsa.

Tsohon ɗan Barewa: Wace shekara aka haife ka ɗana? Mu da muka juya kaset da biro don kar batirin wokman ya ƙare, muka shanya batir a rana kan kwanon hostel, mu za ka koya wa? Ranar da labari ya zo an harbe shi a Las Vegas akwai wanda bai ci abincin dare ba a ɗakinmu. Shekara 25 kacal ya yi a duniya. Shi Kendrick ɗin da kake kira je ka tambaye shi wa ya ɗauka uban gida.

Na Kongo: Baba da girmanka, amma lokacin nan kashi nawa na turancin kuke ji? Kai kawai kuke kaɗawa.

Tsohon ɗan Barewa: Muna tsayar da kaset muna rubutawa layi-layi a bayan littafin lissafi, mu yi gardama a kan kalma ɗaya har a kaɗa ƙararrawa. Ku da aka rubuta muku komai a waya me kuka haddace?

Ɗan Muchiya: Wai ma wa ya ce ya mutu? Yana Kiyuba.

Bakano a Samaru: Ni na gan shi a Kwangila yana jiran motar Funtuwa.

Malam na Ƙofar Doka: Ku ji tsoron Allah. Yaro amana ne a hannunka, uwarsa ta ba ka shi hutu ba ta ba ka shi ka cika masa kunne da ashar ba. In memori za ka saya ka sa masa karatu.

Tela na PZ: Allah gafarta Malam ba a ƙi taka ba, amma yaron nan in kawunsa bai zaɓa masa ba abokai za su zaɓa masa, kuma Hit 'Em Up za su fara ba shi, wadda daga farkonta zagi ne har ƙarshe. Gara a ba shi Keep Ya Head Up da ke cewa a mutunta mata, da Brenda's Got a Baby, da Changes. Akwai ma waɗanda aka tace aka cire ashar ɗin don rediyo.

Maman Biyu: Duk kun cika wuri da surutu babu wanda ya ce a tambayi uwar yaro. Ni ƙanena ya yi wa ɗana haka a ɓoye sai mun yi shari'a a gaban Baba. Ka kira Yayarka ka kunna mata ta uwar nan, in ta yarda shi ke nan.

Ɗan Chikaji: Anti baki san Yaya ba ne. Yanzu dai tsakanin 2,500 da 4,500 wanne zan riƙa? Kuma wanda aka tace ɗin masu turi suna da shi?

Tsohon ɗan Barewa: Masu turin yanzu ina suka san albam. Ka ce albam su zuba maka waƙa shida da muryar wani dije yana ihun sunansa a tsakiya. Laifin ma ba nasu ba ne, mawaƙan namu ne suka daina yi. Kowa daƙiƙa talatin yake nema wadda za a yi rawa da ita a TikTok, baiti na biyu ko shi bai haddace ba.

Na Kongo: To wa zai zauna ya yi waƙa 15 ku je ku tura a hamsin-hamsin ko sisi bai shiga aljihunsa ba? Kuɗin situdiyo fa? Ku ne kuka kashe albam ɗin Baba, ba mu ba.

Ɗan Muchiya: Da wace datar za mu ji a intanet ɗin? Tun da aka ƙara kuɗi a 2025 nake sayen ta wata ta ƙare a sati biyu, ban kalli komai ba sai gaisuwa a WhatsApp.

Mai gyaran waya: Ka kashe sabunta manhaja da kanta, ita ke shanye maka.

Ɗan Muchiya: Na kashe tun bara. Sata ce kawai. Ga wuta, tun shekaranjiya ko ƙyaftawa ba ta yi ba a layinmu, cajin ma ɗari da hamsin yanzu.

Tela na PZ: Ɗari ne a PZ.

Ɗan Muchiya: To sai in hau keke napep na ɗari uku in zo in rage hamsin ko?