Sabon zuwa Bradford: me ake ci a Ingila, kuma ina ake saye?

Sadiq, Bradford: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Sati na uku ke nan da zuwa karatu. Tun da na sauka biredi da Indomie ne ke riƙe da ni, yajin da Umma ta ƙullo mini ma ya kusa ƙarewa. Don Allah ina ake samun kayan tuwo? Kuma a abincin Turawan nan wanne mutum zai ci hankalinsa kwance?

Maman Husna, Leicester: Wa alaikumus salam, sannu da zuwa ƙanina. Kai da kake Bradford ai tsuntsu daga sama gasasshe, shagunan 'yan Pakistan ko ta ina. Sunayen kawai za ka haddace. Gero suna ce masa bajra, dawa juwar, tsamiya imli, kuɓewa bindi. Garin bajra da citta da kanumfari, ka samu yogot mara sukari, ga fura da nono. Man shanu kuwa ka nemi ghee, bai kai na Fulani ƙamshi ba, amma in ka soya shi da albasa zai rage maka kewa. Tuwon shinkafa kar ka ɓata lokacinka da basmati, ba ta tuƙuwa. Ka shiga Tesco ko Asda ka ɗauki wadda aka rubuta pudding rice, gajeriya ce mai danƙo.

Abba, Landan: Kuka da daddawa sai shagunan 'yan Afirka. Mu nan Rye Lane a Peckham muke zuwa, ko kasuwar Ridley Road. In ka ce daddawa aka tsaya kallonka, ka ce iru, da sunan Yarbanci aka fi saninta. Zoɓo kuma 'yan Jamaica na kiransa sorrel. Amma ka ja wa 'yan gida kunne, kar a ba wani saƙon kilishi ko dambun nama ya kawo maka. An hana shigo da nama da madara daga Najeriya. Ina ji ina gani aka karɓe mini kilishi ƙunshi uku a filin jirgi, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Baba Alhaji, Manchester: Yaran zamani kun zo a lokacin daɗi. Ni a 1987 na zo. Dankali dafaffe, kabeji da aka dafa har ya fita hayyacinsa, nama ba yaji ba albasa, shi ke nan abincin gidan da na fara zama. Matar gidan, tsohuwa ce mai kirki, ta taɓa ba ni labarin cewa tun yaƙin duniya na biyu da kati ake sayen abinci, kuma nama bai fita daga rabon kati ba sai 1954. Wanda ya tashi a haka ba za ka ga laifinsa ba in bai iya sarrafa tukunya ba.

Ranar farko da maƙwabcinmu ya ce in zo shan "tea" ƙarfe biyar da rabi, sai na cika cikina kafin in je, a zatona shayi ne da biskit. Ashe a arewacin Ingila abincin dare ke nan, na rana kuma shi suke kira "dinner". Aka dire mini faranti cike, ga kunya, haka na yi ta tura shi da ruwa.

Yanzu dubi yadda ta juya. 'Yan Bangladesh, yawancinsu mutanen Sylhet, su suka koya wa Bature cin yaji ta gidajen kori, wato gidajen cin abinci masu miyar curry. A 2001 ministan harkokin wajensu Robin Cook ya fito fili ya ce chicken tikka masala, gasasshiyar kaza a miyar kori, ta zama abincin ƙasa. Ko titin Wilmslow da ke nan Rusholme, wanda ake wa laƙabi da Curry Mile, ya sake canzawa a idona. Gidajen kori sun ragu, shawarma da kebab da shagunan kayan zaƙi sun karɓe wurin.

Sadiq, Bradford: Allah Ya saka da alheri Baba. To kifi da soyayyen dankalin nan nasu fa? Ƙamshinsa na kama ni kullum in na dawo daga makaranta.

Dakta Binta, Birmingham: Ka ci, yana da daɗi in da zafinsa, ka sa gishiri da binega yadda suke yi. Amma ka yi tambaya biyu kafin ka biya: da wane mai ake suya, kuma ko akwai giya a ƙullin da ake tsoma kifin. A yankinku na Yorkshire da yawa da kitsen shanu suke soyawa. A Bradford ba za ka rasa shagon Musulmi ba. Abin da za ka guje wa gaba ɗaya shi ne black pudding na karin kumallo, jini ne. Yorkshire pudding kuwa fulawa ce da ƙwai da madara, sai dai shi ma ka tambayi man. Alawa ka duba ko akwai gelatine, wani sinadari da sau da yawa daga alade ake samunsa. Wurin nama mutane da yawa na neman tambarin HMC, ƙungiyar da ke tantance halal.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki, abokan aikina ba sa zama cin rana. Sanwic da ɗan cincin ɗin dankali da lemo, a tsaye, minti goma an gama. Kofi a hannu ko'ina, shayin da muka san Bature da shi sai tsofaffi suka fi riƙe shi. In ka zo Birmingham ka yi magana, a kai ka Ladypool Road ka ci balti, wani nau'in kori ne, nan garin aka san shi.

Sadiq, Bradford: In sha Allah Anti. Ni dai da zan samu tsire irin na bakin tasha a Funtua da na huta.

Baba Alhaji, Manchester: Tsaya. Funtua ka ce? Wace unguwa?

Sadiq, Bradford: Jabiri, Baba. Amma kakana a Maƙera yake, tela ne, ya rasu shekara huɗu ke nan.

Baba Alhaji, Manchester: Duba wayarka, na turo maka saƙo kai kaɗai.

Maman Husna, Leicester: Ikon Allah, mu dai muna jira.

Baba Alhaji, Manchester: Jama'a, kakan yaron nan shi ya ɗinka mini kaftanin da na hau jirgi da shi. Ban ji rasuwarsa ba sai yanzu. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta makwanci. Mahaifinsa kuwa ina ganinsa yana ɗan ƙarami yana sa maɓalli a shagon. Sadiq, ranar Lahadi ka hau jirgin ƙasa daga Bradford Interchange zuwa Manchester Victoria, kamar awa ɗaya ne, ɗana zai ɗauko ka. Hajiya ta ce tuwo da miyar kuka za ta yi.

Sadiq, Bradford: Amin Baba, na gode ƙwarai. Yanzu na kira Abbanmu, ya ce a gaishe ku, kuma yana son lambarku. Me zan riƙo?

Baba Alhaji, Manchester: Ba shi lambar. Ka riƙo sauran yajin nan na Ummanka, ko cokali biyu ne.