Wane suna za mu ba insuleta da Hausa?

Jama'a, a taimaka da suna. Abin nan na tangaran, fari ko ruwan ƙasa, da ke kan falwaya ana ɗaura masa waya. Masu gyaran wuta suna cewa insuleta, amma a ƙauyukanmu na yankin Ringim in ka faɗi haka sai an tambaye ka me kake nufi.

Ga dalilin neman. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930, wayar tangarahu kuma jirgi take bi. Tsofaffin insuleta na wancan zamani nake tarawa, waɗanda suka faɗi ƙasa ta rufe su. Wanda ke kan falwaya mai aiki kayan jama'a ne, hawa ciro shi sata ce, ga halaka. Samun lafiyayye da wuya, don yara sun sha auna su da danƙo. In na samu sai in jiƙa shi ya kwana, in bi shi da buroshi mai laushi. Ba a sa masa wayar goge tukunya, takan ci ƙyallin, a ƙarƙashin dattin kuma wani lokaci ake samun tambarin masana'anta. Mai sunan Bullers daga Ingila ya fito. A Amurka masu tara su har ƙungiya suka kafa a 1973.

Wani yayanmu ya ce a kira shi tangaran ɗin waya. Yaya, na ji, amma akwai na gilashi, yanzu ma har na roba, sunan zai bar su a waje.

Malaminmu na kimiyya ya ce a kira shi makarin lantarki. Malam, wannan ya faɗi aikin daidai: tangaran ba ya bari wuta ta ratsa shi ta bi ƙarfe ta sauka ƙasa, kuma lanƙwasar nan mai hawa-hawa an yi ta ne don ta tsawaita wa wuta hanya in ruwan sama ko ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Sai dai robar da ke jikin waya ma makari ce, haka safar hannun mai gyara. A bar wa aji wannan suna ya rufe su duka.

Shi abin kansa, ni dai kofin falwaya na tsaya a kai. Kamar kofi ne da aka kife, falwaya kuwa ba wanda bai san ta ba. Masu faɗi da ake jerawa a manyan layuka sai mu ce farantin falwaya. Jam'i ba wahala: kofunan falwaya, farantan falwaya.

Iyayenmu da suka yi aikin reluwe, in da sunan da kuke kiransa tun da, ku faɗa mana, naku ne gaba da nawa.