Neman kalmar Hausa: ciwon fatar majinyacin da ya daɗe a kwance

Malamar jinya: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan fara koyar da mataimakan ma'aikatan jinya, kuma yawancinsu sun fi ganewa da Hausa. Ina neman sunan ciwon nan da muke kira bedso a asibiti, wanda ke fitowa inda ƙashi ya danne fata a kan katifa har jini ya kasa isa wurin, musamman dunduniya, kwatangwalo, gwiwar hannu, ƙeya da ƙashin saman ɗuwawu.

Tsohon nas: Wa alaikumus salam. Ki rubuta gyambon kwanciya, domin ko tsohuwar ƙauye ta ji za ta gane.

Malamar jinya: Baba, na gode, amma ba a cewa gyambo sai fata ta fashe, alhali cikin matakai 4 na ciwon, a na farko fata ba ta fashe ba tukuna. A jikin farar fata ja ne da ba ya gushewa ko an danna da yatsa. A irin tamu fatar kuwa, sai dai wurin ya yi duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Shi ya sa a 2016 kwamitin ƙwararru na Amurka ya sauya sunan daga gyambo zuwa rauni. Na taɓa ganin wata yarinya tana murza wa mahaifiyarta irin wannan wuri da man kaɗanya, tana ganin gata take yi mata, ba ta san murzawar ƙara ɓata naman take yi ba.

Malamin Hausa: To, ga dannau. Da wannan ƙira muka sami sanƙarau da ƙanjamau. Kalma ɗaya ce, ta nuna sanadi, kuma ta haɗa da wanda ya wuni a keken guragu da wanda robar iskar numfashi ta ci masa bayan kunne, waɗanda kwanciya ba ta shafe su ba.

Daga Maraɗi: A asibitocinmu eskar ake cewa, daga Faransanci. Duk abin da kuka tsayar, ku tuna ba a Kano Hausa ta ƙare ba.

Malamin Hausa: Ɗan'uwa, da bedso da eskar duk kayan aro ne. Har yaushe za mu riƙa nuna kamar harshenmu bai isa ya raɗa wa ciwo suna ba?

Tsohon nas: Malam, asibiti da allura da likita su ma aro ne, kuma ba su rage mana daraja ba. Idan na ce wa mai jinya da tsakar dare babansa zai yi dannau, aljanin da ke danne mai barci zai fara zuwa masa a rai.

Malamin Hausa: Ƙanjamau ma baƙuwa ce a farko, kunne ya saba da ita.

Malamar jinya: Ba ni da lokacin jiran kunne ya saba, Malam. Zan rubuta raunin danni a matsayin babban suna, in bar gyambon kwanciya ga wanda ya riga ya fashe, sannan in koya musu juya majinyaci duk bayan awa 2, ɗaga dunduniya da matashin kai, da sauya zanen gado da zarar ya jiƙe.

Malamin Hausa: Kalma biyu ta yi nauyi, amma tunda danni ya shiga, ban hana ba. Ki dai ambaci dannau ko sau ɗaya, mu ji abin da ɗaliban za su ce.