Tsohon babur mai shan tu-ti: me kuka gani da kuka sauke injinsa?

Mai RD350: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kawuna ya bar mini Yamaha RD350 ƙirar 1974, mai silinda biyu, ya fi shekara goma a jingine. Na buɗe kan injin, na tarar fistan na hagu ya karce jikin silinda har farce na maƙalewa a wurin. Niyyata in sa sabon fistan da ringi in rufe, ba tare da na taɓa ƙasan injin ba. Waɗanda suka yi aikin nan da hannunsu, don Allah ku gaya mini abin da kuka gani.

Mai RX100: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da kake shirin yi shi na yi wa nawa. Kik biyu ya tashi, ƙararsa ras, har na ji ƙwalla. Sai dai in na saki totur ba ya komawa sulo da wuri, sai ya yi ta ruri shi kaɗai. Na ɗora laifin a kan kafireto, na yi ta juya sukuru. Kwana tara ke nan, ina bisa hanya, ƙarar ta canja, tayar baya ta ƙage. Allah ya taimake ni na damƙe kuloci. Da muka buɗe, sil ɗin ɓangaren maganeto, wato robar da ke toshe gefen kuranki, ya bushe kamar tsohuwar fata, yana zuƙo iska. Sabon fistan ɗin ya narke ta gefen salansa.

Tsohon bakanike: Ɗana, ka saurari ɗan'uwanka. Wannan injin ba kamar mai bawul ba ne. Fetur da iska sai sun fara sauka ɗakin kuranki, fistan ya matse su a can, sannan su hau sama. To ɗakin nan in ya yi ɓula ko kamar ta allura, iska ta rinjayi fetur, inji ya ɗau zafi. Sil na ɓangaren kuloci kuma in ya mutu, man giya yake sha, ka ga hayaƙi mai kauri, fulogi kullum a jiƙe. Robar da ta shekara hamsin ba ta da sauran amana.

Ni ba na tayar da inji sai na toshe bakin kafireto da na salansa, na hura masa iska kamar psi 6, in zauna ina kallon allurar geji minti biyar. In ta sauka, in bi da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ɓarawon yake.

Kuma kada ƙasan ya ba ka tsoro. Kaskon RD sama da ƙasa yake rabuwa, kana ɗagawa ka ga kuranki da giya kwance a gabanka. Wajen sa fistan, kibiyar da ke kansa salansa take kallo. A cikin ramin ringi akwai ɗan ƙaramin ƙarfe, bakin ringi a kansa yake haɗuwa. Ina yaro na danna silinda da ƙarfi ringi bai zauna a wurinsa ba, na ji ƙas. Maigidana bai ce uffan ba, ya miƙo mini gutsuren a tafin hannu. Har yau ina jin ƙarar nan.

Mai DT175: Baba ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: in an faɗaɗa maka silinda da milimita 0.25 ko 0.50, ka tabbata an goge kaifin bakin tagogin ciki, wato ramukan da ke jikin silindar. Nawa ba a goge ba, ringi ya kama baki ya karye. Kilif ɗin fin ɗin fistan kuma sabo ake sawa.

Mai YB100: Ni famfon tu-ti ne ya cuce ni, ko in ce gaggawata. Autolube ɗin Yamaha, wanda suka fara sawa tun 1964, abin dogaro ne, amma na haɗa bututu ban fitar da iska ba. Daga baya na ga kumfa tsaye a cikin siririn bututun, mai bai wuce ba. Yanzu sai na kwance sukurun fitar da iska har mai ya zubo ba kumfa, tankin farko kuma ina garwaya masa ɗan tu-ti.

Mai RX100: Shi ya sa na cire famfon gaba ɗaya, a tanki nake haɗawa.

Mai Suzuki T500: A'a malam, kada kowa ya ɗauki wannan. A Suzuki mai tsarin CCI, famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin kuranki. Wanda ya sayar mini da nawa ya cire shi, na gaji boris mai gurnani. Har yanzu abin yana ci mini rai, don injin ba shi da wani laifi.

Mai RD350: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka, jiya da daddare na raba kaskon. Sil na hagu da yatsa na ɓare shi, ya marmashe. Boris na gefensa ya yi tsatsa ja, in na juya shi sai ka ji kamar da yashi a ciki, sandar fistan ɗin ma tana motsi sama da ƙasa. Gobe zan kai kurankin wurin masu injin matsa su raba shi, su daidaita da geji. Tunda za a raba, boris biyun tsakiya da ba su yi tsatsa ba, in canja su ko in bar su?

Tsohon bakanike: Canja duka huɗun, ɗana. Ka ce su auna maka a gabanka kafin ka ɗauko.