Na shuka baba sau biyu bai tsiro ba, ina kuskuren yake?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai fili a bayan gidanmu da aka kwashe ƙasarsa aka yi bulo, yanzu ko ciyawa ba ta kama shi, ruwa kuma sai ƙara cin gefensa yake. Na so in rufe shi da baba, irin wanda kakanmu yake nomawa yana kai wa marina, har da 'yan tsiraru a tsakar gida saboda furensa ja-ja. Na zuba iri sau biyu, ƙwaya bakwai kacal suka fito. Ku taimaka.

Manomi daga Kura: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, irin baba ɓawonsa tauri gare shi, ruwa ba ya shigarsa da wuri. Ka zuba shi a ruwan ɗumi ya kwana. Da safe ka tsince waɗanda suka kumbura ka shuka a take. Waɗanda suka ƙi, ka murza su da yashi mai kaushi ka sake jiƙawa. Kuma kar ka binne shi kamar gyaɗa! Ƙwayar ƙanƙanuwa ce, ƙasa kaɗan za ka yayyafa a kai.

Mai tambaya: Ashe nan ne. Tsawon yatsa nake tona masa.

Malamin gona: To ka ga dalili. Ka jira damina ta zauna sosai kafin ka sake. Baba dangin wake ne. In ka tuge ɗaya za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, a cikinsu ƙwayoyin halitta suke jawo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa yake farfaɗo da matacciyar ƙasa. Amma wurin da aka yi bulo ya daskare, sai ka sassare shi ka sa ɗan takin gida. Inda ruwa ke kwanciya kuwa kar ka wahalar da kanka, ruɓewa zai yi. Gefen da ruwa ke ci, baba kaɗai ba zai riƙe shi ba. Ka jera ciyawar jema ko gamba a gicciye a kan hanyar ruwan, baban ya zo a bayansu.

Wata 'yar uwa: Ni a tsakar gida nake da shi. Da ya fara fure nake yanke shi daidai gwiwa, ya sake tofowa a cike. Ka dai bar guda biyu su yi 'ya'ya, ka tsinke da sun bushe kafin su fashe.

Manomi daga Kura: Hajiya ta faɗi daidai. Sai ka yi shinge tun yanzu, awakin unguwa ba sa jiran ya girma.